Motocin Kawu Sambo da Ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Sambo a Gwandu ya san in ya dawo daga sallar asuba ba cikin gida yake fara shiga ba. Sai ya zagaya filin da ke jikin katanga, inda motocinsa uku suke kwana a bayan zana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma a kafaɗa. Ya doki taya da ƙafa, ya leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga, ya goge gilashi. Sai ya gama da su sannan ya shigo ya ce wa matarsa, Gwaggo Kulu, "Kun tashi lahiya?"

Ita kuma ta ce, "Mun tashi. Ya mutanen waje?"

Ya ce, "Suna gaishe ki."

Mota uku a Gwandu ta wancan lokaci, shekaru kaɗan kafin mulkin kai, baƙo in ya ji sai ya ɗauka attajiri ne. Ku da kuka san shi kun san ba haka ba ne. Ɗaya ce tak take tafiya.

Akwai Giwa, tsohuwar babbar mota da ya tuƙa shekara da shekaru yana direba a wani kamfanin auduga. Da aka ce za a yi gwanjonta, ya sayar da shanun gadonsa ya karɓo ta, ya ajiye aiki a ranar, ya rantse ba zai sake zama yaron kowa ba. Giwa takan tashi in ta ga dama, bayan rabin sahun masallaci sun tura ta. Akwai Baturiya, 'yar ƙaramar baƙar mota da wani Baturen gona ya bari da zai koma ƙasarsu. Bijimai biyu suka jawo ta daga Birnin Kebbi, kuma ban san wanda ya taɓa jin kukan injinta ba. Sai Jummai, kitika mai buɗaɗɗen baya, wadda ta zo gidan ran Juma'a. Ita ce mai kai mutane da kaya kasuwannin Jega da Kalgo, ita ce tuwon gidan.

Ba a cewa mota ta lalace a gaban Kawu. Ka kuskura ka ce Baturiya ta mutu, sai ya dube ka kamar ka zagi tsohuwarsa, ya ce, "Tana hutawa." Ga tsimi. A gangara yakan kashe inji don kada mai ya tafi a banza. Jummai tana da hon na roba, irin wanda ake matsawa, amma ba ya taɓa shi, wai robar tana tsufa. Sai ya fito da kai ta taga yana kiran mutane da sunansu: "Malam Bawa, kau da jakinka. Ta-Alla, ɗauke ƙwaryarki." Wani fasinja ya taɓa tambayarsa, to in baƙo ne wanda bai san sunansa ba fa? Kawu ya ce, "Sai in tsaya mu gaisa, in ji sunanshi."

Ni Hajo, ɗiyar ƙanwarsa ce. Ina da shekara goma sha ɗaya Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a Kalgo, bayan kaka. Inna ta shiga takaba da ƙanwata Saratu a goye, ni kuma Kawu ya ɗauko ni zuwa Gwandu kafin ta fita. Shawarar da aka yi ita ce in Inna ta gama wata huɗu da kwana goma, ta dawo gidan yayanta. Amma Baffa, yayan mahaifina, ya kafa sharaɗi. Ya ce ba zai ba da ɗiyar ƙanensa ta je zaman raɓe ba. In an gina wa Inna ɗakinta, to, in bi ta. In ba a gina ba, ni in koma Kalgo hannunsa, Inna kuma ta tafi da goyonta wurin wata 'yar'uwa a Masama.

Ɗaki biyu ne a gidan Kawu, ga 'ya'ya biyar. Ba inda za a aza tubali ko ɗaya sai filin motoci. Maganar barin mota ta kwana a titi kuwa ba ta taso ba. Dole dai ɗaya ta tafi, a sami wuri, a kuma sami abin sayen azara.

Gwaggo Kulu ta ce, "Abu mai sauƙi. Wagga da ba ta taɓa motsi ba, kaji ma sun gaji da ita."

Kawu ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya ce ya yarda. Mai son Baturiya a garin mutum ɗaya ne, Ali Maƙeri. Ya zo da la'asar yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, yana jin daɗi. Har an kusa shiryawa, sai bakinsa ya ja masa.

Ya ce, "Ƙarhen Turawa na gaske. Ka ga wanga rufi, kaskon tuya huɗu za shi yi. Ƙofofin nan kuwa duk fartanya. Nan zan fara sa kurfi in datse."

Kawu ya ce, "Ina za ka sa mi?"

"Nan, ga wuya."

Kawu ya cire tsumman kafaɗarsa ya goge wurin da Ali ya taɓa. Ya ce, "Malam Ali, mai saye nika nema, ba mahauci ba. A gaida gida."

Aka koma kan Giwa. Wani ɗan kasuwa ya zo takanas daga Jega, mutum mai haƙuri, da gaske yake so. To a nan ne wata ɗabi'ar Kawu ta fito. Ya taɓa ji a wurin karatu cewa haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin kayansa, kuma ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Ina daga bayan zana ina ji.

Ya ce, "Kafin mu yi ciniki, sai na hwaɗa maka. Birkinta, in kana son tsayawa Gwandu, ka fara niyya tun Kambaza."

Mutumin ya ce, "A gyara."

"Lagireto shina shan ruwa kamar raƙumi. Giyar baya sai da lallashi. Fitilar hagu sama taka kallo."

"Duk a gyara, Malam Sambo."

"Sitiyari in ka juya dama, sai ta yi shawara tukuna."

Mutumin ya yi dariya, ya ce ya ji ya gani, yana so a haka. Na ji daɗi har na fara lissafin inda Inna za ta ajiye tukunyar ruwanta. Sai Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗiya nawa gare ka?"

"Bakwai."

"To ka ji tausayinsu."

Mutumin Jega ko furar da aka kawo masa bai tsaya sha ba.

Gwaggo Kulu ta aika wa Liman ƙara. Washegari bayan azahar Liman ya tsayar da Kawu a ƙofar masallaci, ya ce, "Sambo, shari'a cewa ta yi ka bayyana aibi. Ba ta ce ka raka mai saye da wa'azi har ya gudu ba."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, in ta kife da shi hanyar Jega, ran tsayuwa wa za a tambaya, ni ko kai?"

Liman ya ce, "Kai."

Kawu ya ce, "To." Ya sa takalmansa ya tafi.

Garin nan kowa dariya yake yi, har masu tura Giwa suna cewa Allah ya sa kada a saye ta su rasa abin hira. Ni kam ban yi dariya ba. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki Inna ta fita takaba, magini kuma ya ce ko yau aka fara, sai an yi mako uku kafin ɗaki ya shigu. A raina na riga na yanke cewa Kawu ya fi son ƙarfe da mu. Allah ya yafe mini, na daina gaishe shi da fara'a. Yanzu da na girma na gane abu biyu ne suka haɗu masa, tsoron Allah na gaskiya da ƙaunar da ba ya iya faɗa, har shi kansa bai san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Ranar kasuwar Kalgo Kawu ya sa ni a gaban Jummai, muka tafi gaida Inna. A zaure Baffa ya tambaye shi, "An yi ɗakin?"

Kawu ya ce, "Ana shiri."

Baffa ya ce, "Tun bayan kaka aka shiri."

Muka shiga ciki. Inna tana zaune a tabarma, ba kwalli ba ɗankunne, ta rame. Ta jawo ni tsakanin ƙafafunta ta fara tsefe mini kai, don ta ga kitson ya tsufa. Labarin maƙeri da na mutumin Jega duk ya riga mu isowa. Na zaci za ta yi masa faɗa ko ta roƙe shi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Yaya, kada ka matsa ma kanka. Na san yadda kaka son su, tun muna yara kake yin mota da kara. In Allah ya rubuta nan Hajo za ta tashi, nan za ta tashi. Masama ba Makka ba ce, zan riƙa zuwa ganinta."

Murya lafiya lau ta faɗa, amma ni da kaina yake hannunta na ji tana ta tsefe wuri ɗaya. Kawu yana tsugune a bakin ƙofa, ya kafa wa ƙasa ido. Ya ce, "Allah ya ƙara haƙuri." A hanyar komawa bai kira sunan kowa ta taga ba, kuma muka sauko gangara biyu inji yana ta ci, bai tuna ya kashe ba.

Da safe ya aika a kira Alhaji Garba mai fata, wanda ya shekara biyu yana neman a sayar masa da Jummai. Alhaji ya zo da buzunsa ya shimfiɗa, ya ce, "Na ji labarinka, na zo da wurin zama. Fara karanto aibin."

Kawu ya zagaya Jummai sau biyu. Ya ce, "Ƙofar hagu tana ƙara."

"Sai mi?"

"Shi ke nan. Tun asuba nika nema, ban samu wani ba."

Alhaji ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya dubi fuskar Kawu, ya fasa. Aka yi ciniki, ya biya, aka kai masa Jummai gida.

Gwaggo Kulu ta tare Kawu a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ka sai da mai ci da mu ka bar muna gawa biyu?"

Ya ce, "Ita kaɗai zan iya miƙa ma Musulmi in yi barci. Kuma ba gawa ba ne."

"To mi za mu ci?"

Kawu ya shige ɗaki. Ya sa babbar rigarsa ya fita. Ashe gidan Alhaji Garba ya nufa. Ya ce masa, "Ka sayi mota, kana da direba?" Mutumin da ya rantse ba zai sake zama yaron kowa ba, shi ne ya tsaya a zauren wani yana neman aiki a kan motar da jiya tasa ce. Da ya dawo ya yi azumin kaffara kwana uku, ya kuma ja mana kunne, ni da Gwaggo, kada Inna ta ji.

Aka kwaɓa ƙasa a inda Jummai take kwana. Kullum in ya dawo aiki sai ya tuɓe riga ya kama miƙa tubali, yana yi wa magini faɗa wai kada laka ta fantsa wa Baturiya. Baffa ya aiko mutum ya duba, ya koma ya ce ɗaki ya yi.

Ranar da Inna ta fita takaba, da Jummai muka je ɗauko ta. Ta zauna a gaba da Saratu, ni ina baya da kwalla da tabarmi. Da muka iso Gwandu ta sauka ta ga ɗaki sabo, da taga, da 'yar rumfa a gaba. Ta waiga ta ga Giwa, ta ga Baturiya, ga kuma Jummai da ta kawo ta. Ta ce, "Yaya, ashe wurin ya isa ba a sai da ko ɗaya ba. Alhamdu lillahi."

Kawu ya sauke kwallar ƙarshe, ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Ku shiga ku huta. Bari in mayar ma mai ita, aronta nay yi zuwa la'asar."

Inna ta dube shi, ta dubi motar, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Sai ta zauna a dokin ƙofar sabon ɗakin ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza.

Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya kira Inna da sunanta, ya ce, "Ke Hassi, kukan mi? Daɓen nan bai gama bushewa ba, kina ƙara mishi ruwa."

Ta yi dariya cikin hawaye, Gwaggo Kulu ta kama ta suka shiga ciki.

Shekara tara ya yi yana tafiya da ƙafa kowace safiya ya karɓo makulli a gidan Alhaji Garba, har idonsa ya yi rauni ya bari. Ban taɓa jin ya yi mana gori ba, ko da wasa. A ɗakin nan na tashi kusa da uwata, daga nan na tafi makarantar 'yan mata, daga nan aka kai ni gidan miji, a nan kuma Inna ta cika, kanta a cinyata.

Ya Allah, bawanka Sambo ya matsa ya ba marayu wuri a lokacin da shi ma wurin bai ishe shi ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka gina masa ɗaki a Aljanna kusa da na ƙanwarsa, ka haɗa mu da su cikin rahamarka. Amin.