Gurbal Ɗina a Hancin Motar Lantarki

Hawata, biyar saura kwata na asuba

Da ƙyar muka ɗaga Baba zuwa gaban mota, ni da Yaya Idrisa, ɗan wansa. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sai tsumma na naɗa masa. Wankin ƙodarsa na Talata ya wuce mu, don mai ya yi ɓatan dabo a garin. Daga asibitin Gadarif aka aiko: Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya. In bai zo ba kujerar wankin ta zama ta wani, masu jira sun fi a ƙirga.

Motar ta ƙungiyar manomanmu ce, 'yar akori-kura mai aiki da lantarki, da sola ake cika ta. Idrisa ke jan ta, yana ji da ita kamar amarya. Na hasko hancinta da tocila, na ga ya ɗaure ragar sauro ta taga, ninki biyu.

"Yaya, wannan fa? Zazzaɓi take yi?"

"Ke Zainaba, bar raini. Ba ta da inji, amma tana da lagireto, shi ke sanyaya batir. Dutse ɗaya ya huda shi, ruwan ya tsiyaye, halas, shi ke nan, a daji za mu yini."

Na hau baya da kayana: tabarma, kisra (siririyar gurasar dawa), jarkar ruwa, tsintsiya, da gurbal ɗina, wato rariyar waya mai manyan idanu da nake tsince ridi daga tsakuwa da kara. Niyyata in zauna da Baba wurin Goggo Asabe, ƙanwarsa, ina tankaɗe a kasuwar hatsi. Kilomita ɗari da 'yan kai ne gabanmu.

Gonakin dawa, shida da rabi

A shingen fita gari soja ya leƙa, ya ga ƙafafun Baba, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga igiya. Muka shiga baƙar ƙasa, ta tsattsage saboda kaka. Motar ba ta da ƙara, har numfashin Baba nake ji ta 'yar tagar baya, kuma bai yi mini daɗi ba.

Injinan girbi uku ke aiki a gefen hanya, iska na koro mana ƙaiƙayi. Na rufe fuska da mayafi, wuyana na ƙaiƙayi kamar in cire shi. Kusan awa guda muna cikinsa. Sai na ji gudu ya ragu, ya ƙara raguwa, har wani mai amalanken jaki ya fara kamo mu.

Na buga rufin. "Yaya! Biki za mu je?"

"Jar fitila ta kama," ya ce. "Batir ya yi zafi."

Kusa da Ƙala'an Nahal, takwas da kwata

Muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Ragar ta zama tamkar waina, ƙaiƙayi ya like kowane ido, ko numfashin jariri ba zai ratsa ba. Raina ya ɓaci, na zazzaga masa.

"Ninki biyu! Wa ya aike ka? Ka toshe mata hanci ka ce ta yi gudu!"

Ya fizge ragar ya jefar. Na ga idonsa ya yi ja, sai na ji kunya, don Baba ne ya riƙe shi tun yana maraya. Muka share lagireton da tsintsiya a hankali, haƙoransa siraran gaske, ba sa son hannu. Minti arba'in muka zauna jiran fitilar ta mutu. Ban taɓa ƙin agogo kamar ranar ba.

"Mu tafi haka, ba raga," in ji Idrisa.

Baba, da muka ɗauka barci yake, ya ɗago yatsa. "Idrisa, gaba tsakuwa ce. Manyan motocin ridi sun fito." Ya tsaya ya ja numfashi. "Zainaba, ina gurbal?"

Gurbal ɗin na Inna ne, Allah ya jiƙanta, kuma da shi na yi shirin ciyar da mu a Gadarif. Na ɗauko shi dai. Idrisa ya kara shi a hancin motar: iska za ta wuce, dutse ba zai wuce ba. Amma katakon da ya kewaye shi ya hana shi zama.

"Ba ni filaya," na ce. Ni da kaina na ɓalle katakon, ina yi ina share ido da kafaɗa. Muka ɗaure wayar kusurwa huɗu, Baba ya ce a bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da lagireto, don in dutse ya lotsa ta kada ya kai ciki.

Hanyar tsakuwa, tara da minti goma

Kowane rabin awa sai in diro in kaɗe wayar in koma, ba na jiran motar ta gama tsayawa. Wajen goma saura, wata tirela ta taho a guje, ƙura ta rufe mu. Na ji ƙau! a gaba, har cikin haƙorana. Idrisa ya taka birki. Na riga shi isa, na durƙusa ina laluben ƙasa ko ta jiƙe. A bushe take. Dutse ne kamar ƙwan zabuwa ya maƙale cikin wayar, saura kaɗan ya taɓa lagireton.

"Bar shi nan," na ce. "Tuƙa!"

Gadarif, sha ɗaya saura minti shida

Shingen shiga gari ya ci mana minti goma, na roƙi sojan har da Larabcin da ban san ina da shi ba. A ƙofar ɗakin wankin ƙoda mun tarar da ma'aikaciya riƙe da takarda, tana kiran sunan Baba karo na biyu. Idrisa ya goya shi ya shige. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Da la'asar Goggo Asabe ta kawo tuwon asida da miyar kuɓewa busasshiya. Baba ya ci loma biyar, na ƙirga.

Komawa

Kwana tara na yi, ina tankaɗe da gurbal na aro. Da Baba ya soma sa takalmi na bar shi hannun Goggo, na biyo Idrisa gida wurin yarana. Maƙeri ya yi wa motar raga ta gaske, amma Idrisa ya miƙo mini tsohuwar wayar, dutsen na nan a ciki.

Mun shiga Hawata bayan magariba. Na gode wa Allah, na gode wa ƙungiya da ta ba da mota, da Yayana da ya sha baƙar magana bai rama ba. Wayar na rataye ta a ƙusar da Inna ke rataye gurbal ɗinta, ban cire dutsen ba.