Ambulan Ƙarshe a Akwatin Modu Mai Hoto

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Modu Mai Hoto makwancinsa, kuma sai a makon jiya na sauke amanar da ya ɗora min. Da yana nan da ya yi min dariya har ya riƙe ciki, don ya sha cewa ni malamin makaranta ne mai tsawa a aji, amma a waje ko ɗan akuya ya harare ni sai in sauya hanya.

Ni mutumin kudancin Barno ne. Aikin koyarwa ya kawo ni Maiduguri ina saurayi, na kama ɗaki a Moduganari, bango ɗaya tsakanina da shagon hotonsa. Shi Babarbare ne mai salla a sahun gaba, ni kuma duk Lahadi ina coci. Hausar da muka haɗu a kanta ba ta uwar kowa ba ce a cikinmu, amma kullum muna gyara wa juna ita, kuma sau da yawa mai gyaran ya fi wanda ake gyara wa kuskure. Haka muka yi shekara fiye da talatin, muna musu muna cin abinci a kwano ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shiga shagon nan zai tuna labulen bango mai zanen gidan bene da furanni. Mutum zai zo da kayan Juma'a, ya aro agogo, ya ƙame kamar an kira shi gaban alƙali. Modu zai ɗauke shi yadda yake so, ba gardama. Sai an gama ya ce, "To, wannan naka ne. Gobe zan zo wurin aikinka in ɗauki nawa." Washegari kuwa sai ka gan shi a kan kekensa da kyamara rataye a wuya. Ya je wurin masu wankin hula da ke jera hulunan Zanna a kan kawunan katako, ya je maƙera, ya zauna da dukawa, ya nemi izinin mazan gida ya shiga wurin mata masu haɗa turaren wuta. Ba ya ɗaga kyamarar da wuri. Zai zauna ya sha musu ruwa, ya ci musu abinci, ya cika su da surutu har su gaji su koma bakin aikinsu su manta da shi, sannan ka ji ƙarar kyamara. Wani maƙeri ya taɓa ce min bai san hoto aka zo ɗauka ba, ya zaci mutumin zaman kashe wando ya kawo shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka ɗauko wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Hotunan da yake kira nasa ne a ciki, kowanne da sunan mai shi da unguwarsa a baya. Ya ce, "Malam, aro na yi wa mutane. Kai ka yi ritaya, ba ka da aiki sai karanta jarida. Ka mayar wa kowa nasa."

Ban taɓa yin aiki mai daɗi kamarsa ba. Na shiga lungunan da ban san da su ba a garin da nake taƙama na sani. Wata tsohuwa mai turare ta rantse ba ita ba ce, wai ba ta taɓa rama haka ba, amma da na miƙa hannu zan karɓa sai ta tura hoton cikin zani. Wani mai busa algaita, wanda yanzu ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya kumbura kumatu yana gwada wa jama'a cewa shi ne ɗin dai. Inda na tarar mai hoton ya rasu, 'ya'ya kan karɓa da hannu biyu, a yi kuka kaɗan, sannan a shiga dariyar wandon da baba ya sa. Ba na fita daga gida ba a cika min aljihu da goro ko dabino ba, ni da ba na cin goro.

Nakan tambayi kaina me Modu zai ce da ya ga yau. Kowa da kyamara a aljihu, kowa yana ɗaukar kansa da kansa, waya ta goge masa kurajen fuska ta ƙara masa haske har uwarsa ta kasa gane shi. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don shi mutum ne mai son sabon abu, da tuni ya mallaki wayar da ta fi tawa. Abin da zai dame shi kawai shi ne ba mai zaman jira. Kwanaki na ga wata budurwa ta tsaya gaban masu wankin hula tana ɗaukar su, ta durƙusa ta daɗe ba ta danna ba, har sai da suka daina kallonta. Na tsaya daga nesa ina murmushi ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe.

Cikin shekara uku na raba duk abin da ke akwatin, ban da ambulan guda. A bayanta an rubuta Ba Kyari, Kasuwar Shanu, kuma an manne bakinta da gam. Na san abin da ke ciki, shi ya sa na yi ta ɗaga ranar kai ta.

Ba Kyari, wato Baba Kyari a bakin Barebari, mahauci ne, kuma a da shi ne babban abokin Modu, tun kafin ni. Lokacin da yake neman aure a wani gidan malamai, da aka tambayi sana'arsa sai ya ce harkar shanu yake yi. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya bar su suna zaton dillali ne. Ya zo shago da babbar riga ta aro aka ɗauke shi, ya aika wa gidan su yarinyar. Modu kuma ya bi shi kasuwa ya ɗauki nasa: Kyari da singileti duk jini, cinyar saniya a kafaɗa, wuƙa a ɗamara, ya buɗe baki yana dariya da wani da ba ya cikin hoton. Hoton ya yi wa Modu kyau har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya manna shi a gilashin ƙofar shago, inda yake sa waɗanda ya fi alfahari da su. Bai yi shawara da kowa ba. Kwana huɗu ya yi a wurin, kawun yarinyar ya zo wucewa ya gani.

Auren ya kusa rushewa. Da ƙyar aka ɗaura shi bayan an kai ruwa rana. Ina tsaye a bakin ƙofata ranar da Kyari ya zo shagon yana huci, ya ce, "Modu, ka tona min asiri a titi. In idona ya sake ganin hoton nan, ba ni ba kai har lahira." Modu ya cire shi a take, ya ba da haƙuri, ya aika dattawa, duk a banza. Suna gaisawa in an haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, amma kwanon nan da suke ci tare bai sake haɗa su ba. Na san abin ya ci wa Modu rai har ƙarshen kwanansa, don ko an yi maganar nama a gabansa sai ya sauya zance.

To ni ne zan ɗauki wannan ambulan in kai wa mutumin da ya yi shekara hamsin yana wasa wuƙa? Shekara huɗu ina cewa sai wata mai zuwa. Abin da ya tashe ni shi ne labarin da na ji cewa Ba Kyari ya daina fita kasuwa, ƙafa ta hana shi. Na ce in ya riga ni tafiya, ko na riga shi, na ci amanar mamaci ke nan, kuma ba ni da bakin da zan kare kaina.

Na same shi da hantsi a gidansa a Ajilari, zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafar. Ya yi min sannu da Barbarci, ya ce, "Wushe, Malam, wushe. Yau wace iska ta kawo ka?" Na zauna, na yi ta gaisuwa har ta ƙare ban san me zan ƙara ba, sai na ajiye ambulan a gabansa. Ya karanta rubutun, fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Ɗauke kayanka. Na yi magana tun da daɗewa."

Matarsa Ya Kaltum ce ta kawo mana ruwa a daidai lokacin. Ta dubi ambulan, ta dubi mijinta, ta ajiye kofi ta ɗauka ta yage bakin ba ta tambayi kowa ba. Ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

Ta ce, "Wallahi shi ne! Malam, ina kuka ɓoye min shi duk shekarun nan?"

Ba Kyari ya ce, "Ke kin taɓa ganinsa ne?"

Ta ce, "Ni da nake koyon ɗinki a bayan shagon? Kwana huɗu ina bi ta gaban gilashin nan safe da yamma, har ƙawayena suka gane. Wancan da ka aiko na babbar riga, kamar wanda aka kama da kayan sata, na ce wa Yaya ni ba na so. Da na ga wannan na ce a'a, mutumin nan yana da dariya. Da Kawu ya zo yana faɗa, ni na aika wa Baba cewa mahaucin nake so. Ka zaci dattawanka ne suka gyara maganar?"

Tsohon nan ya juyo ya dube ta. Can ya ce, "Kaltum, shekara nawa muna tare, ba ki taɓa faɗa min ba?"

Ta ce, "Ka taɓa bari a ambaci hoton a gidan nan?"

Ya miƙa hannu ta ba shi. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya ce singiletin ma ba tasa ba ce, ta ƙanensa ce. Muka yi dariya mu uku, amma tasa ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya goge ido da bakin riga, ya tambaye ni ko na san daidai inda kabarin Modu yake. Ya je jana'izar, in ji shi, amma a baya ya tsaya.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Modu, ba shago zan nuna ba, don yanzu kayan waya ake sayarwa a wurin, labulen gidan bene kuma ban san inda ya shiga ba. Abin da na sani shi ne akwai gidaje da yawa a garin nan da aka rataye hoton uba ko kaka yana tsakiyar aikinsa, da gumi da datti, kuma jikoki suna nuna shi ga baƙi ba tare da kunya ba. Ya ga kyan mutane a inda su ba su zaci akwai shi ba. Wani lokaci ya yi gaggawar nunawa, kuma ya biya da abota mafi tsada da yake da ita. Ina kewarsa ƙwarai, har gyaran Hausarsa na banza nake kewa.

Ranar Juma'a da safe muka ɗauki Keke Napep ni da Ba Kyari zuwa maƙabarta. Na riƙe shi muka taka a hankali har gindin dogon yaron da nake gane wurin da shi. Na ja gefe na cire hulata, shi kuma ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, wani wuri da Larabci, wani wuri da Barbarci. Da ya shafa, na zaci tafiya za mu yi. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da hoton, ya juya shi wajen kabarin kamar mai nuna wa wanda ke zaune.

Ya ce, "Modu, na karɓa. Hoton ya yi kyau."