Keken Kawu da Ke Ƙin Aiki Bayan Sallah

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da Inna, ta riga ta zauna a mota tana yi mini faɗan nawa. Umara za mu je, amma rabin jakarta daddawa ce da kuka na ƙaninta, Kawu, wanda ya tafi Makka tun ban yi wayo ba. Daga Kano jirgi ya sauke mu a Jidda. Hanyar Makka shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, sai duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Direban tasi ya tsuga kuɗi, Inna ta yi masa ciniki da Hausa zalla, kuma ya rage.

Bayan mun sauke Umara muka nufi unguwar Mansur, inda Kawu yake zaune. Ƙamshin tsire da masa ne ya fara tarbar mu, ga masu gasa burodin tamis, Hausa da Larabci sun cakuɗe a bakin kowa. Da Kawu ya hango Inna sai ya ce, "Yaya, ahlan, ahlan," ya karɓi jakarta. Ni kuwa na share ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Shagonsa na surfani ne, yana ɗinka sunaye da zane a jikin jakunkuna da darduma. Keken surfanin kwamfuta ce ke ba shi umarni, kuma tsohuwar manhaja kaɗai yake ji. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu, wani mai gyara ya zuba waccan manhajar a cikin sabuwa, tana zaune kamar baƙuwa a gidan wani. Tun daga nan keken ya koma aiki in ya ga dama, masu kawo ɗinki suka fara gudu.

"Khalas, na gaji," in ji Kawu. "Bayan azumi zan rufe shagon. Idona ba zai iya surfanin hannu ba."

Inna ta nuna ni da baki. "Ga wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban kwamfuta. Yau dai mu ga amfaninta."

Aikina ke nan a Kano, amma na shafe safiya ina lalube ban ga komai ba. Keken yana ta zuba ɗinki lafiya lau, har na fara zargin Kawu da sharri. Aka kira azahar, muka ja ƙofa kamar kowane shago a layin, muka tafi masallaci. Muna dawowa keken ya yi gum. Sai da aka kashe komai aka kunna ya tashi. Da la'asar ma haka.

Nan na gano bakin zaren. Kanel, wato zuciyar babbar manhajar sabuwar kwamfutar, tana da ɗabi'ar tattalin wuta: duk kafar jona waya, irin wadda keken ke jone da ita, da ta ga an jima ba a aiko komai ta cikinta ba, sai ta sa ta barci. Rufe shagon da ake yi don sallah ya ishe ta. In an dawo, baƙuwar manhaja ta aika umarni, kafar ba ta farka da wuri ba, sai ta ɗauka an cire keken. Na hana kanel taɓa wannan kafar, na kuma miƙa ta kai tsaye ga baƙuwar.

Muka tafi magariba, kuma Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana shago. Muna dawowa Kawu ya danna, allura ta hau rawa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dafa kaina kamar ina ɗan yaye. "Ya waladi, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Inna ta ce ai dama ta sani.

Mun dawo Kano lafiya da dabino da zamzam. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ka zauna da mutum ka ga yadda wuninsa ke tafiya kafin ka buɗe masa kwamfuta. Kawu bai rufe shago ba. Dardumar da ya fara ɗinkawa a daren nan sunan Inna ne a jiki, kuma ta hana kowa taka ta, har ni.