Kazar Inna Tsahara da Ƙwan Zabi

Cikin duk shekarun da na yi ina yi wa kaji allura a ƙasar Gangara, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na tsaga kaza da ranta, na ɗinke ta, ta miƙe. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku gyara zama, don na san a wajen horo hoton abin kawai aka nuna muku, kamar yadda aka nuna mana.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba likitoci ba ne. Mata ne ake zaɓa daga garuruwa, a kai mu Gazawa a koya mana rigakafi da maganin tsutsa da yadda ake gane kaza marar lafiya. Sama da mu akwai shef, wato likitan dabbobin da ke buro, ofishinmu ke nan. Shi ke ba mu magani, shi muke kira idan abu ya fi ƙarfinmu.

Damina ce, gero ya kawo gwiwa. Ina tsakar gida ina dafa sirinji sai ga Lawali a kan moto, wato babur, wani magidanci ne daga ƙauyen da ke gabas da mu.

"Rakiya, Inna ta ce ki taho yanzu, kazarta ba ta lahiya," in ji shi. "Ni dai na ce a yanka, ta ƙiya."

Na ɗauki jakata na hau. Muna isa na ga dalilin ƙin. Inna Tsahara, uwar Lawali, tsohuwa ce da aka sani da kiwon zabi. Ciwo ya share mata garke a bara, ya bar mata zabuwa guda mai bin zabin unguwa kiwo, ita ma ta gama zuba ƙwai a farkon damina muzuru ya ɗauke ta. To kun san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake sa wa ƙwanta. Wannan jar kazar ita ke kwance a kan ƙwan nan, ta haura mako uku, saura ƴan kwanaki a ƙyanƙyashe. Babu wata kaza mai kwanci a duk unguwar, an bi gida gida an tambaya. Idan ta tafi, ƙwai ya huce, irin zabin Inna ya ƙare ke nan.

Na sa hannu cikin akurki na ɗago ta. Ba nauyi, ƙashin ƙirji kamar bayan wuƙa. Amma a gindin wuyanta, ta dama, jakar nan da abinci ke fara sauka cikinta ta kumbura, ta yi tauri kamar ɗanyen goruba. Ku riƙe wannan: da safe, kafin kaza ta ci komai, jakar nan a saki take. In kun ji ta da ruwa ruwa, baki yana wari, abinci ne ya yi tsami. In kun ji ta da tauri, wani abu ne ya toshe hanya.

"Mi kinka ba ta, Inna?"

"Ruwan barkono, ɗiyata. Da saiwar maɗaci. Kwana biyu ke nan ba ta kashi."

Na ce a cire ƙwan tukuna, don aikin zai ɗauki lokaci. Ina tunanin inda za a ajiye su, sai na ga Inna ta jera su cikin kallabi, ta kwance zane ta ɗaure su a cikinta, ta zauna a hankali kan tabarma. Ta ce, "Na goyi ɗiya tara, ƙwai ba za ya gagare ni ba." Dariya ta kama ni duk da halin da ake ciki.

Na fara da abin da aka koya mana. Na ɗiga mata man gyaɗa ta gefen baki, kaɗan kaɗan don kar ya bi hanyar numfashi, ina murza jakar a hankali zuwa ƙasa. Na yi, na huta, na sake. Har rana ta ɗaga dunƙulen nan ko motsi, kaza kuma ta fara sakin wuya. Lawali ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa da butar ruwa, ya tsuguna gefena.

"Ba gardama nika yi ba," ya ce, "amma kar mu yi asara biyu. In ta mace a hannunki ta zama mushe, ko romo ba mu sha ba."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta ba ni haushi don gaskiya ce. Na ciro salula na kira shef. Yana can wajen Agye ana allurar shanu, ina jin kukansu ta cikin waya. Na kwashe komai na faɗa masa.

"Mai bai yi ba? To sai tsagawa. Kina da sabuwar reza?"

"Shef, ban taɓa yi ba."

"In kin bari, mutuwa za ta yi. In kin yi, wataƙila. Ki tsaga ta sama, kar ki yi ƙasa. Jaka daban, fata daban wajen ɗinki. Ki yi bisimilla."

Jama'a, tsoro ya kama ni, amma ba shi kaɗai ba ne, har da wani irin ɗoki. Na ce a tafasa ruwa da ɗan gishiri, a jefa allura da zare ciki. Muka yi yarjejeniya da Lawali: ya riƙe wuƙarsa, idan na ce za ta tafi, ya yanka, amma kafin nan kar ya motsa. Matarsa Sa'a ta naɗe kazar cikin tsumma ta riƙe ƙafafu, ta rufe mata ido. Kafin in gama fige gashin wurin, matan unguwa sun cika zaure da bakin danga, kowa na cewa yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Na goge wurin da jan maganin wanke ciwo. Na ja reza a kan fata, tsawon gaɓar yatsa. Jini kaɗan ne, ya fi ƙanƙanta da yadda na zata. Na ga jakar, na tsaga ta. Wani wari ya bugo, Sa'a ta kau da kai. Na sa ɗan tsinken ƙarfe na taɓo wani abu fari, na ja. Ya biyo. Na ƙara ja, yana ta biyowa, kamar mai warware kitso. Zaren buhu ne! Ya cuɗe da doguwar ciyawa da tsabar gero, ya zama dunƙule guda. Na ɗaga shi sama, mata suka ɗauki salati.

Inna ta dafe baki. "Wayyo ni! Ni na tsettsefe tsohon buhu na shimfiɗa mata, don kar sanyin ƙasa shi kama ƙwai."

Na ce ba komai, Inna, kaza mai kwanci in yunwa ta kama ta abin da ke gabanta take tsattsaga. Na wanke cikin jakar da ruwan gishirin da ya huce, na sa ƙaramin yatsa na ji hanya ta buɗe. Sannan na ɗinke jakar ita kaɗai, na dawo na ɗinke fata. Ni da ko wuyan riga ban iya kafawa da kyau ba, ran nan ɗinkina ya zauna daidai.

Sa'a ta warware tsumma. Kaza ta kwanta a gefe, ido rufe, ƙafafu a miƙe. Lawali ya miƙe da wuƙa.

"Rakiya, ki ce wani abu."

"Dakata!"

"Tana tahiya hwa!"

Na sa tafin hannu a ƙirjinta, na ji yana harbawa. Na ce masa wallahi in ya taɓa ta sai mun yi shari'a. Na ɗiga mata ruwa a baki. Ta haɗiye. Ta buɗe ido guda, ta dube ni, sai kawai ta kai wa yatsana sara. Ban taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba. Na yi tsalle na rangaɗa guɗa, ni ma'aikaciya, a gaban mutane!

Amma da saura. Tsoron da ban faɗa wa kowa ba shi ne ta ƙi komawa kwanci, don wahala takan sa kaza ta watsar da ƙwai. Muka kwashe shimfiɗar buhun, muka zuba yashi da ƙaiƙayi. Inna ta kwance cikinta, ƙwai da ɗuminsa, ta jera. Na ajiye kazar bakin akurki muka ja baya. Ta tsaya tana tangaɗi. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Sai ta buɗe fuka fukai, ta yi wannan ƙurƙur ɗin na masu kwanci, ta taka ciki, ta jawo ƙwan da baki ƙarƙashinta, ta lafe. Inna ta fashe da kuka.

Na bar musu ƙa'ida: ranar nan ruwa kawai, washegari kunu mai ruwa, tsaba sai bayan ɗinki ya kama. Kullum da safe ina zuwa in duba. Ran kasuwar Gangara ban samu zuwa ba, ina cikin rumfa ina sayar da maganin tsutsa sai ga Lawali yana ratsa mutane yana kirana tun daga nesa: "Sun hito! Rakiya, sun hito!" Na bar kayana hannun maƙwabciya na bi shi. Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, biyu sun lalace, amma sauran ga su nan suna ta shiga da fita ƙarƙashin jar kazar nan mai ɗinki a wuya.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, mutanenmu ba mugunta ke sa su saurin yanka ba, tsoron asara ne, kuma suna da hujja. Aikinmu shi ne mu roƙi ɗan lokaci a wurinsu, mu kuma san abin da za mu yi da shi. In an kira ku don kaza guda, kar ku ce ai kaza ce, a bari sai gobe. Ku je ku ga abin da take riƙe wa mai ita.

Da kaka na koma ƙauyen yin rigakafi. Tun daga bakin gari nake jin kwarmaton zabi, maƙwabta na ta mita sun hana su barcin rana. Inna Tsahara na zaune tsakiyar zabin da ƙwaryar dusa. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Ɗiyata, ki bar su su yi ta mita. Shekara guda gidan ga ya yi shiru, ni na san yadda na ji."