Zangon da Mijinyawa Ya Ɓoye

Duk wanda ya shiga mota a tashar Roxy ta unguwar Adjamé a farkon shekarun 'yancin kai ya san Mijinyawa mai mil kilo. Mil kilo ita ce 'yar motar nan mai gajeren hanci da aka ƙera don kaya, mutanen Abidjan suka jera mata benci suka mai da ita ta mutane. Ta Mijinyawa shuɗiya ce a da, amma rana da jan laka sun daɗe da raba ta da launinta. Shi kansa dogo ne siriri, ga faɗa kamar zakara, ga kuma zuciya mai taushi da yake ɓoyewa kamar abin kunya.

Abin da aka fi saninsa da shi, ba ya ƙirga fasinja. Sauran direbobi su leƙa su nuna kawuna da yatsa, shi kuwa sai ya zaga baya ya dubi yadda motar ta zauna a kan tayoyinta, ya ce ta cika. Direbobi 'yan ƙabilar Dioula, masu kiransa koro, wato yaya a harshensu, suka mai da abin tsokana.

"Koro Mijinyawa, mutum nawa yau?"

"Na Allah," in ji shi, ya ja ƙofa.

Dariya suke yi don ba su san mafarin abin ba. Yana saurayi ya biyo fataken goro daga ƙasar Kazaure, shi da ƙanensa Falalu, suka sauka wajen yayarsu Delu da ke aure a wani zango cikin kurmin goro, gaba da garin Anyama. Zamanin aikin tilas ne. Wata rana akawu ya zo ya jera mazan zangon ya ƙirga su, aka ce don rabon magani ne. Da aka dawo, igiya aka zo da ita. Aka kwashi Mijinyawa da Falalu zuwa saran katako, Mijinyawa ya dawo shi kaɗai. Tun daga nan ya riƙe cewa wanda hukuma ta san adadinsa ya zama nata.

Zangon ya girma bayan haka. Hausawa da Zabarmawa sun cika shi, mata suna wanke goro suna naɗe shi a ganye. Sai dai yana da nisa da kwalta, hanyarsa duk kwazazzabo, babu motar da ke shiga sai ta Mijinyawa. Shi ke fito da goro, shi ke fito da mai naƙuda, shi ke mai da gawa. Ga motar ta tsufa, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, abin da bai faɗa wa kowa ba sai Delu. Damuwarsa guda ce: ranar da ya ajiye sitiyari, wa zai shiga zango?

Ana haka hukuma ta tashi tsara yadda manyan motocin bas za su riƙa zuwa ƙauyuka nan gaba. Aka ce za a bi gari-gari a ƙirga mutane, inda aka samu jama'a a gyara hanya a ba su tasha. Malam Muhyiddeen, mai makarantar allo a unguwar Arras ta Treichville, wanda Mijinyawa ke zuwa gaisarwa duk Juma'a, ya zaunar da shi.

"Addu'arka ce Allah ya amsa. Wannan ƙirgar ta mota ce."

"Allah gafarta Malam, waccan ma ta magani ce."

Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Mijinyawa ya garzaya zango ya tara dattawa, kuma bai sha wahalar shawo kansu ba, don kusan kowane gida akwai Falalunsa. Ranar ƙirga, tun da safe aka kwashe yara da awaki da tukwane aka shige kurmi. Shi da kansa ya ɗauko mai ƙirgar, wani matashi mai ladabi da ake kira Kuwasi, ya zagaya da shi ya nuna masa bukkoki a rufe da 'yan tsofaffi a gindin bishiya. Delu na cikinsu. Ta dubi ƙanen nata ta kau da kai. A hanyar dawowa har waƙa Mijinyawa ya yi, yana ganin yau dai ya rama.

Bayan 'yan watanni aka kira direbobi taro a wani zaure a Treichville. An manna taswira a bango, an ja jan layi zuwa duk ƙauyen da bas zai je. Mijinyawa bai iya ganin layukan ba, sai ya kasa kunne ana kiran sunaye. Aka kira ƙauyukan da ba su kai rabin zango ba. Aka gama, babu zango. Ba a zo da igiya ba, ba a nemi ɗan kowa ba, hanya da tasha aka raba kamar yadda aka faɗa.

"Mushe, akwai mutane a can!" ya miƙe yana ɗaga hannu, yana yi wa Kuwasi da ke gaban taswirar kiran girmamawa na Faransanci. "Wallahi akwai mutane, pile-pile suke, maƙil!"

Kuwasi ya dube shi da tausayi. "Baba, kai ka kai ni. Abin da na gani shi na faɗa."

Ya ce tsarin ya riga ya wuce sama, ba za a sake ƙirga ba sai an zo sabon tsari, wannan kuwa sai bayan shekaru. Mijinyawa bai haƙura ba. Ya yi ta jigilar mutanen zango yana sauke su a ƙofar ofishin masu ƙirga don a gan su, har mai gadi ya ɗauka biki ake. Aka ba su ruwa suka sha, aka ce su koma gida.

Tsarin bas ɗin ya zo da gwajin ido ga direbobi. Aka nuna masa allo, ya ga hazo, aka karɓe masa lasin. Ya roƙi abokansa na Roxy su riƙa shiga zango ko sau ɗaya a mako. Suka gwada, hanya ta ci musu tayoyi, suka daina, kuma ba a ga laifinsu ba.

Da damina ciwo ya kama Delu. Aka ɗauko ta a bargo har bakin kwalta, Mijinyawa na biye yana tuntuɓe. Bas ya taho, sabo fil, da kujeru babu kowa. Suka ɗaga hannu, suka yi ihu, ya wuce, don nan ba tasha ba ce. Na biyu ma haka. Daga ƙarshe motar katako ce ta tsaya. Aka kwantar da Delu a jikin gungume, irin wanda Falalu ya mutu yana sara, kuma ba ta kai asibiti ba.

Babu wanda ya zage shi a zango, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya bar ɗakinsa na Adjamé ya kafa 'yar rumfa a mararrabar. Duk wanda ya fito daga zango da kaya a ka, sai ya tambayi sunansa ya ja ƙwayar carbi ɗaya, don ranar da masu ƙirga za su dawo su same shi a shirye.

Wani lokaci tsofaffin abokansa na Roxy kan wuce da gudu, ɗaya ya leƙo ta taga.

"Koro Mijinyawa, mutum nawa yau?"

Sai ya miƙe da sauri, carbi a hannu, ya faɗi adadin da iyakar muryarsa. Kafin ya rufe baki motar ta yi nisa.