Fatar Ƙarƙashin Gemu

Shekara ashirin na yi ina koyon gyaran fuska kafin in iya yi wa mutum ba ɗigon jini. Kada wani ya ce mini aski abin wasa ne. A gindin dalbejiya nake zama, bayan babbar kasuwar Garwa, da zabirata da kwanon ruwa, kuma duk abin da na iya sai da fuskar wani ta sha wuya tukuna. Da kyar na gane ruwan sanyi ba ya tausasa gashi, sai mai ɗumi, a kuma bar kumfar sabulu ta jiƙa shi. Aska ba a tsaye ake riƙe ta ba, kwantar da ita ake yi. Ka bi gashi yadda ya kwanta, ka sake shafa kumfa, ka dawo ta inda ya fito, sannan ka goga alif, farin dutsen nan mai tsayar da jini. Da hannuna ya faɗa, fuska takan fita sumul, ko da bayan hannu ka shafa ba ka jin komai. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Masu aski da reza kuwa, cewa nake kankare tukunya suke yi.

A shekarun da hanyar arewa ta lalace, mutanen daji suna ta kai hari a bakin iyaka, ƙanena ya zo daga Mora. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, albasa yake kawowa Garwa. Gemu ne da shi har ƙirji, tun yana saurayi ƙarfe bai taɓa shi ba. Wannan karon ɗaki ya zo kamawa, zai koma ya kwaso matarsa da 'ya'yansa uku, don zaman can ya gagara. A lokacin kuwa mai gemu irin nasa ba ya wuce shingen bincike salin alin, ko da kartidantite, katin shaidar ɗan ƙasa, a hannunsa.

Ya zauna a tabarmata ya ce, "Yaya, sa almakashi ka rage mini shi kaɗan."

Na ce, "Rage me? Kai dai ba ka da kai. Rabin gemu ai gemu ne. Zauna in cire shi duka, ka wuce kamar malamin lekol, ɗan boko."

Ya ce, "Wallahi Yaya kunya nake ji."

Na ce, "Kunyar ce za ta kwaso maka yaran?"

Ya ɗaga mini haɓa, bai taɓa musu da ni ba. Na wasa askata a dutse, na goga ta a fata, na yi masa askin da ban taɓa yi wa wani irinsa ba. Sau uku na bi haɓar. Da na miƙa masa madubi ya yi dariya, ya ce ko 'yarsa ba za ta gane shi ba. Inda gemun yake fatar ta fito fara sol, ba ta taɓa ganin rana ba, sauran fuskar kuma baƙa irin ta mai yini a kasuwa. Na gani da idona. Abin da na ce kawai shi ne, "Kalli aiki!"

Washegari ya hau mota. Kwana uku sai matarsa ta bugo mini waya, ta ce bai iso ba.

Na je tasha na nemo direban. Ya ja ni gefe ya ce sun wuce Marwa lafiya. A wani shinge aka sauke fasinjoji, aka duba takardu, na ƙanena ba matsala. Har ya juya, sai ɗaya daga cikin masu bindigar ya kama haɓarsa ya ɗaga, ya ce, "Yaushe ka aske? Me kake ɓoyewa?" Akwai masu gemu biyu a motar, inji direban, an yi musu tambayoyi an sake su. Shi aka riƙe.

Da ma na rage masa da almakashi kamar yadda ya roƙa. Da ma na ce ya kwana biyar a Garwa rana ta taɓa wurin, gashi ya ɗan tsiro. Kai, ko mai reza ne ya yi masa da bai fito haka ba. Duk na san wannan yanzu, kuma tir da sanin. Na taka Marwa ya fi a ƙirga, ofis ofis, kowa ya ce ba shi a wurinsu.

Matarsa tana Garwa yanzu da yaran, a ɗakin da ya kama. Duk wanda ta ji an sako daga arewa sai ta neme shi da hoton mijinta a leda. Jiya ma ta biyo ta wurina da wani tsoho da ya yi shekara biyu a tsare, ta ce, "Yaya, taya ni yi masa bayani." Tana nuna masa hoton tana cewa dogo ne, mai gemu har ƙirji, ba ya ɓata wa kowa. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

Ban gaya mata na aske shi ba. Jiya ma ban gaya mata ba.