Shafin da Inna ta gane

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Idi, malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Dakoro, wanda ake kira Mushe Idi kamar yadda ake kiran malaman boko. Littattafan da ya cika da rubutun hannunsa suna cikin akwati a ɗakina, gara ta riga ta ɗanɗana biyu.

Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne bayyana wa mutanenmu kayan zamani da Hausa, shafi ɗaya kowane mako, a karanta a radiyon gari. Salula, fanfon sola, dalilin ajiye allurar dabbobi cikin sanyi. Kafin ya kai shafi radiyo sai ya karanta wa mahaifiyarmu tana tsintar wake. In Inna ta ɗago kai ta ce, "Mi ke nan kuma?" sai ya yaga ya sake. Nakan yi masa tsiya cewa ya fi tsoron Inna a kan sufeton makarantu.

Kalmar rezo kaɗai, wato sabis ɗin da salula ke kamawa, ta ci masa mako uku. Daga ƙarshe ya rubuta cewa rezon salula kamar kiran makiyayi ne, a bisa tudu yana kai nesa, a kwari ƙasa ta shanye shi. Inna ba ta ɗago kai ba. Ranar malmala uku ya ci.

Yau kowa da salula a hannu, bayanin kuwa rabi Faransanci, rabi kurari. Da yana nan, na san takarda nawa zai yaga.

Bara na ji ana ba da lambar yabo ga masu irin wannan rubutu. Na kwafe shafukansa na aika, don kada sunansa ya bi gara. Masu ba da lambar suka amsa cikin ladabi: a fassara da Faransanci, a kuma nuna inda aka buga a intanet. Na sake rubutawa sau biyu, shiru. Gaskiya na gaji, kuma Inna da za ta tsaya masa shaida ta bi shi.

Kwanan baya a kasuwar dabbobi salulata ta ƙi kira. Wani dattijo makiyayi daga Tagriss ya dube ni ya ce, "Hau bisa tudu, Malam. Rezo kiran makiyayi ne, kwari na shanye shi."

Na tambaye shi wa ya gaya masa.

"Wa kuwa? Haka aka sani tun da."

Na buɗe baki zan faɗi sunan yayana, sai na fasa. Na hau tudun, kiran ya shiga.